Injin da Ba Shi da Ƙ

A ƙasar Gwandu, rubuta wa wani takarda sana'a ce tun kafin a ga Bature. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya riƙe yammacin daula daga Gwandu har rasuwarsa a 1829, ya bar littattafai masu yawa a fikihu da tafsiri da nahawu da tsarin mulki, kuma babu ko ɗaya da ya ga injin ɗab'i a zamaninsa. Duk kwafin da ya kai Nupe ko Ilori ko Liptako, wani bawan Allah ne ya naɗe ƙafa ya juye shi harafi bayan harafi. Da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da suna Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, Sarkin Gwandu Halilu bai yarda sun gana ba, amma a garin ne aka ara masa kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tambutu. Ya kwashe kwanaki yana kwafar abin da ya samu dama, kuma ta hannunsa masanan Turai suka fara jin labarin littafin. Shi ma ke nan sai da ya taɓa aikin magatakarda kafin ya bar mana gari.

Kakana na wajen uwa, a Cheberu, yana cikin na ƙarshe-ƙarshen masu wannan aiki. Alƙalaminsa na gamba ne, tawadarsa ta bagaruwa, a gafakarsa kuma akwai tsofaffin warƙoƙi waɗanda in ka ɗaga su a rana za ka ga alamar jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta hamada. Ban da kwafar littafi, shi ke rubuta wa mutane wasiƙa da ajami zuwa ga 'ya'yansu da suka tafi cin rani Ikko ko Kumasi, shi ke rubuta shaidar bashi da ta rabon gado. Sana'arsa na gada, sai dai ni da tafireta na fara, na ƙare da kwamfuta. A iya ganina, mutanen ƙasarmu ba a jami'a ko a banki suka fara haɗuwa da kwamfuta ba. A shagon masu buga takardu suka same ta, kuma ta zo ba ta iya rubuta sunayen waɗanda ta zo yi wa aiki ba.

Na koyi tafireta a Sakkwato a ƙarshen shekarun 1980, a wata makarantar koyon akawu mai ɗaki biyu. Injunan Olympia ne da Imperial, ƙarfe zalla, ɗaya ya ishi ƙato ɗauka. Ana rufe mana madannai da kwali don kada mu leƙa, burin kowa kuwa ya ci jarrabawar RSA ko ta Pitman, ya tashi daga kalma 25 a minti zuwa 35, in Allah ya ba shi yatsu ya kai 50. In kwafi uku ko huɗu ake so, sai ka jera takardar kabon a tsakani ka ƙara ƙarfin bugu. In ɗari ake so, kamar takardun jarrabawar makaranta, sai a janye ribin ɗin tawada a yanka sitensil, a ɗaura a injin Gestetner a yi ta juya hannu har tawada ta ɓata riga.

Duk wannan da Turanci ne. Ranar da aka kawo aikin Hausa, a nan ake gane injin baƙo ne. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Abin da aka koya mana shi ne mu buga b da d da k, in an zare takarda a bi su ɗaya bayan ɗaya da biro ana yi musu ƙugiya. A sitensil da tsinken ƙarfe ake yi, a hankali don kada ya yage. Mai haƙuri ya bi duka, malalaci ya bi shafin farko ya bar sauran. Alamar naira ma haka take. Tun da aka fara kashe naira a Janairun 1973, injunan da ke ofisoshi alamar fam suka sani, don haka sai ka buga N, ka koma baya taki ɗaya, ka ɗora mata layuka biyu na alamar daidai. Da aka koma kwamfuta, inda ba a iya ɗora harafi a kan harafi cikin sauƙi, dabarar ta rikiɗe ta zama =N=, wadda har yau za ka gan ta a rasit ɗin wasu tsofaffin akawuna.

Su kansu haruffan masu ƙugiya ba su daɗe ba. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko sun yi ta kame-kame, wani ya sa ɗigo a ƙarƙashi, wani ya sa waƙafi a sama. Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. Sai a shekarun 1930, zamanin Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya, aka tsaya a kan masu ƙugiya, kuma littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939, su suka saba wa idon mai karatu da su. Maɗaba'a tana iya sa a zubo mata harafin dalma na musamman. Akawun En'e a Gwandu ko Kalgo kuwa sai abin da kamfanin Ingila ko Jamus ya ƙera.

Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Babangida ta cire Jihar Kebbi daga Sakkwato. Wanda bai ga Birnin Kebbi a watannin nan ba, da wuya ya gane yunwar takarda da sabuwar jiha ke zuwa da ita. Ma'aikata sun kwaso iyali da fayil-fayil sun dawo gida, kowace ma'aikata tana son takarda mai sabon kai, kowane ɗan kwangila yana son takardar neman aiki, kowane mai satifiket yana son tarihin karatunsa a buge. Kafin a huta sai ga zaɓen gwamna a watan Disamba tsakanin NRC da SDP. Shagunan da ake kira bizines santa suka fara tsirowa: tafireta biyu, injin fotokwafi ɗaya, in maigida na da ƙarfi ya ƙara da kwamfuta. A irin wannan shago na samu gurbi.

Kwamfutarmu ta gwanjo ce, 386, an hauro da ita daga Ikko. Fara ce da ta koma ruwan ƙasa, allonta mai dogon ƙeya, a gabanta akwai maɓalli da aka rubuta wa Turbo da ramin ɗan makulli. Rumbunta megabayit 40 ne, abin da hotuna goma sha na wayar yau za su cika. Tana cin faifai iri biyu, babba mai laushi na inci biyar da kwata, da ƙarami mai tauri na inci uku da rabi wanda ke ɗaukar megabayit 1.44. In ka kunna ta sai ta ƙirga ƙwaƙwalwarta a gabanka, ta yi ɗan tsaki, ta tsaya a baƙin allo da C:\> tana jiran umarni. Babu hoto, babu linzami. Kai za ka rubuta mata abin da kake so, in ka kuskure harafi ɗaya ta ce ba ta san wannan ba. Manhajar aikinmu WordPerfect 5.1 ce, mai shuɗin allo, wadda ta fito a 1989. Akwai wani siririn kwali da ake ɗorawa a saman madannai don tuni: F10 adanawa, F7 fita, Shift da F7 bugawa. Firintar Epson ce mai allurai, wadda kukanta ke kaiwa bakin titi. Da aka sayo LaserJet daga baya sai farashin shafi ya rabu biyu, na allura da na leza, kuma ɗan kwangila ba ya yarda da na allura.

Girman da ake ba ta ya fi na mutane. Tela ya ɗinka mata riga saboda ƙurar hunturu, ɗakinta ne kaɗai mai iyakwandishan, kuma ba a shiga da takalmi. Ga sitabilaiza, ga janareta a bayan shago, amma duk da haka in wuta ta ɗauke kana tsakiyar shafi na ashirin ba ka danna F10 ba, sai dai ka yi salati ka koma farko. Wani dattijo daga wajen Dalijan da ya kawo takardar gona ya taɓa tsayawa bakin ƙofa ya dube ni ya ce, "Yaro, wagga aba da ad da ɗaki nata ita ɗai, mi taka ci?" Na ce, "Wuta, Baba." Ya ce to lalle a yi hankali da ita.

Maigidan shagon ya yi karatu a Zariya a shekarun 1970, kuma a wurinsa na ji cewa abin da muke tinƙaho da shi jika ne. Tun 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar koyarwa a Jami'ar Ibadan. A Jami'ar Ahmadu Bello kuwa, a cibiyar da daga baya aka sa wa sunan Farfesa Iya Abubakar, ɗalibi ba ya ko taɓa injin. Da harshen FORTRAN zai rubuta shirinsa, a huda shi a kati mai gurabe 80, kowane layi kati ɗaya, ya miƙa damin katunan ta taga ya tafi. Gobe ya dawo a ba shi doguwar takarda, wani lokaci abin da ke ciki kawai shi ne ya manta waƙafi a kati na goma sha biyu. Maigida ya ce wanda katunansa suka zube a hanya ba tare da ya sa musu lamba ba, ranar ba mai yi masa magana.

Shi ne kuma ya fahimtar da ni dalilin rashin ƙ. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A 1963 Amurkawa suka fitar da ma'aunin ASCII mai gurabe 128, kowane harafi da lambarsa, kuma Turancinsu suka auna. Da IBM ta fito da ƙaramar kwamfutarta a Agustan 1981, guraben suka zama 256. A ƙarin da aka samu an sa wasulan Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci, an sa wasu haruffan Girka, an sa layukan zana akwati. Har fuska mai murmushi da alamomin karta huɗu sun samu wuri a jadawalin. Hausa gurabe shida kacal take nema, uku manya uku ƙanana, takwas in an haɗa da ƴ ta mutanen Nijar, waɗanda muke jin Hausarsu kullum ta Kamba da Gaya. Ba ta samu ko ɗaya ba. Ba na ce ƙeta aka yi mana ba, ba a san da mu a ɗakin ba ne, mu ma ba mu san ana rabo ba.

Sakamakon ya fi fitowa a katin biki, wanda shi ne rabin cinikinmu bayan CorelDRAW ta shigo. Kati ɗari biyar ba mai bin su da biro. Haka aka yi shekaru ana jera sunayen sarakai da alhazai a ƙarƙashin "manyan baki", kuma ba wanda ya taɓa dawo mana da kati don wannan. Mai karatu ya saba ya sa ƙugiyar da bakinsa. Wannan sabo ya fi rashin harafin yi mana illa, domin shi ya rage bayan harafin ya samu.

Shirya manhaja kuwa ta hanyar wasa na shige shi. MS-DOS 5 ta zo da QBasic a cikinta, tare da wani wasa na gwaggon birai biyu da ke jifan juna da ayaba a saman benaye. Wata rana da rana tsaka, ba ciniki, na gano ana iya buɗe cikin wasan a karanta umarnin da aka gina shi da su. Na fara da canja launi, na koma mayar da saƙonninsa Hausa, daga nan na fahimci IF da THEN da FOR da NEXT. Ba malami, sai wani littafi da aka yi wa fotokwafi har rubutun ya dusashe. Da na ɗan ƙware, maigida ya sa ni a dBASE III Plus, muka haɗa wa wata makaranta shirin tara makin ɗalibai da fitar da na ɗaya zuwa na ƙarshe.

A nan na ga yadda inji ke sassaƙe mutum ya dace da akwatinsa. A dBASE kai za ka faɗi faɗin gurbi tun farko: suna, harafi ashirin. Yaro ya zo da Abdurrahman Muhammadu Bello, sai a datse, ya koma Abdul Muh'd. Sunan fayil ma a DOS ba ya wuce harafi takwas. Sai matsalar hamza da ainu, waɗanda boko ke rubutawa da waƙafin sama. A yawancin harsunan kwamfuta wannan alama ita ke nuna farkon magana da ƙarshenta, don haka in shirin bai yi hattara ba, da ya iso kan Sa'idu ko Mu'azu ko Asma'u sai ya ɗauka zance ya ƙare a tsakiyar suna, ya tsaya cik. Akwai hanyar gyara, amma hanya mafi sauƙi ita ce a cire alamar, kuma ita akasari aka bi. Saidu da Muazu da Asmau da ke cike da satifiket a yau, da yawansu a irin wannan tebur aka haife su. Fom yana neman sunan dangi, mu kuwa sunan uba muka sani, sai aka ci gaba da abin da makarantun boko suka fara tun zamanin Turawa, wato laƙaba sunan gari: wane Cheberu, wane Kambaza, wane Malisa. Fom yana neman ranar haihuwa, uwa kuwa ta ce da kaka ne, shekarar da aka yi fari. Akawun tafireta yana iya rubuta "wajen 1974" ya wuce. Kwamfuta ba ta karɓar "wajen". Shi ya sa in ka duba rajistar kowace ƙaramar hukuma a ƙasar nan za ka rantse rabin mutanenta ranar 1 ga Janairu aka haife su.

Sauƙin farko daga Kano ya zo. A tsakiyar shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera salon haruffa masu ƙugiya don Windows, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla. Sun yi yawo daga faifai zuwa faifai, daga shago zuwa shago, har suka iso mu. Ranar da na ga Ƙ ta fito daga firinta da kanta, ba biro, na buga shafi guda na kai wa maigida, shi kuma ya manna a bango. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafin Hausa a wurin. Kamar ka sauke baƙo ne a ɗakin wanda ya yi tafiya: muddin kana gidan lafiya lau, amma in ka kai fayil ɗin wata kwamfutar da ba ta da salon, mai ɗaki ya dawo, sai ka ga baka-biyu da sanduna da alamomi sun watsu a cikin kalmomi. Don haka duk mai kai aiki maɗaba'a a Kano ko Kaduna sai ya haɗa da faifan haruffan, ya kuma roƙi Allah kada faifan ya ɗauko bairos a hanya, don a lokacin ta faifai cutar ke yawo.

Abin mamaki, a daidai shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi aka riga aka warware matsalar a takarda. A Oktoban 1991 aka fitar da kundin farko na Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa, kuma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk suna ciki. Amma samun lamba daban, samun maɓalli daban. Shekaru suka shuɗe kafin manhajojin da ke hannunmu su fahimci tsarin. Ko a zamanin Windows XP, sai ka shiga jerin alamomi, ka zaɓi salon Lucida Sans Unicode, ka gangara ka tono harafin, sannan ka ɗaura masa gajeriyar hanya a madannai. Ga mai buga shafi hamsin a wuni ana biyansa da shafi, wannan asara ce. Yawancinmu ba mu yi ba.

Malaman zaure nasu ya fi namu tsanani. Akwai kwamfutar Larabci tun shekarun 1980, irin su Sakhr ta kamfanin Kuwaiti, wadda na taɓa gani a gidan wani alhaji da ya sayo wa 'ya'yansa daga Makka, ana haɗa ta da talabijin. Daga baya Windows mai Larabci ta zo. Sai dai Larabcin gabas take rubutawa. Mu kuwa a allo da ruwayar Warshu muka tashi, inda fa'un ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf ke da ɗigo ɗaya a sama, ga kuma ɗigon imala da ajaminmu ke amfani da shi wajen wasalin e. Wani malami ya kawo mini waƙoƙinsa na wa'azi da ajami in buga. Na yi iya yina, ya karɓa ya duba, ya ce, "Wanga rubutu na Larabawa na, almajiraina ba su karanta shi." Ya nuna injin fotokwafi ya ce a yi masa da wancan. Gaskiyarsa. A cikin injunan shagon nan kaf, fotokwafi ne kaɗai bai taɓa gyara wa kowa rubutu ba, abin da hannu ya zana shi yake mayarwa. Haka ma masu ɗab'i a Kano suka daɗe suna yi, suna ɗaukar hoton rubutun hannun gwanaye irin su Sharif Bala suna buga Alƙur'ani da shi. Sai a 2016 Unicode ta ware wa fa'un da ƙaf da nun irin namu lambobinsu, a 2017 kuma aka fitar da salon haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannun Kano.

Wayar salula ta shigo a Agustan 2001, ta ƙara wa sabon nan na rubutu ba ƙugiya ƙarfi. Saƙon tes harafi 160 yake ɗauka in ka tsaya a haruffan Turai. Ko da wayarka ta iya ƙ, da ka sa guda ɗaya saƙon zai koma wani tsari mai harafi 70 kacal, abin da za ka biya sau ɗaya ya zama sau biyu ko uku. Wato rubuta Hausa daidai ya zama abin da ake ci wa mutum tara. Yaran da suka koyi rubutu a kan Nokia su ne manyan yau, kuma da Hausar da ba ƙugiya suka shiga Facebook.

Duk wannan a birni ake yi. Cheberu kanta, in ka cire wayoyi, ganin kwamfuta na sosai da ta yi shi ne a Janairun 2011, lokacin rajistar masu zaɓe. Hukumar zaɓe, ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, wanda shi ma ɗan jihar nan ne, ta sayo injuna 132,000, mafi yawansu ta hannun kamfanin Zinox na Najeriya, ta rarraba su rumfunan ƙasa baki ɗaya, har da na mazaɓar Cheberu da Bada. Kowane akwati da laftof, da kyamara, da abin ɗaukar zanen yatsa, da ƙaramar firinta, da batir. Na je gida na yi tawa rajistar a can, kuma da na leƙa allon sai na ga ba Windows ba ce, Linux ce. Masu yi wa ƙasa hidima ne ke bugawa, yawancinsu 'yan kudu, yara masu ƙoƙari, suna rubuta suna yadda kunnensu ya ji. Lokacin sanyi ne, an gama kaka, yatsun manoma sun yi kaushi sun tsattsage, don haka aka ajiye bokitin ruwa kowa ya wanke hannu ya goge kafin ya ɗora. Na wuni a gefen tebur ina faɗa musu harafi-harafi. Wata gwaggona da aka miƙa mata katinta da hotonta a jiki, tun kafin ta tashi daga benci, ta juya shi gaba da baya ta ce, "Ɗana, shi wanga inji ya san ni dauri?" A ƙarshen aikin an ce mutum miliyan 73 da rabi aka yi wa rajista a ƙasar.

Daga nan rajista ta bi rajista. BVN ta banki a 2014, jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, haɗa lambar ɗan ƙasa da layin waya a ƙarshen 2020. Kowace da ranar da aka yi ta da wanda ya buga, kuma yanzu rumbunan suna tambayar juna. Mutum ɗaya ya zama Sa'idu a nan, Saidu a can, Saeed a fasfon aikin hajji, inji kuwa ya ce mutum uku ne. Shagunan da suka rage a sana'armu, babban cinikinsu a yau shi ne buga takardar rantsuwa ta gyaran suna da ta shekarun haihuwa. Muna cin abinci da gyaran abin da injunanmu na farko suka datse.

Yau ko waya mai araha tana da madannan Hausa, ka danne k ka ɗan jira sai ƙ ta fito. Google ta sa Hausa a manhajarta ta fassara tun Disamban 2013. A Kalgo akwai jami'ar tarayya da aka kafa a 2013, a Aliero akwai ta kimiyya da fasaha ta jiha, kuma ɗalibansu da ke zuwa shagona buga kundin kammala karatu suna rubuta shiri da Python, harshen da ya karɓi ƙ hannu biyu. In na ce su gwada shirinsu da sunan Ɗanjuma ko Ma'u kafin su miƙa, wasu dariya suke yi, wasu su gwada su ga ya faɗi.

Aikin da na sa gaba yanzu shi ne tsofaffin faifan da suka taru a kwali: waƙoƙin malamai, tarihin gidajen sarauta da aka buga don naɗi, wasan kwaikwayon 'yan makaranta, duk da tsohon salon haruffa. Na samo abin karanta faifai mai shiga ta USB a wajen masu gwanjo a Kano. Da yawa sun riga sun mutu, zafi da ƙura sun cinye su. Waɗanda suka buɗu, sai in gano alamar da aka ara wa kowane harafi, in sa kwamfuta ta musanya ta da ta Unicode a fayil ɗin gaba ɗaya. Wannan minti biyu ne. Masu wuya su ne fayilolin da aka buga ba ƙugiya ko ɗaya, domin su babu abin da za a musanya, sai an karanta layi-layi an san ko marubucin fari da baƙi yake nufi ko baki da hanci. A irin waɗannan nakan kira mai aikin a waya in yana raye, in ba ya raye in nemi almajirinsa.